Kafin a Sayi Hannun Jari: Jadawalin Ribar Shekara Goma



A da can, idan ɗan kasuwarmu na Adjamé ko Treichville ya tara ɗan abin da Allah Ya hore masa, hanyoyin adana shi sanannu ne: ko ya ƙara kaya a shago, ko ya shiga adashe, ko ya aika gida a saya masa fili ko dabbobi a Madawa, Ƙonni, Maraɗi ko Katsina. A 'yan shekarun nan wata hanya ta ƙaru, wato sayen hannun jari a manyan kamfanoni. Maganar ta ƙara shiga gidaje a watan Disamba na 2022, lokacin da aka sayar wa jama'a da hannayen jarin kamfanin Orange Côte d'Ivoire a kan sefa 9,500 kowane ɗaya. Tun daga nan ba abin mamaki ba ne a ji matashi yana ba mahaifinsa shawara ya sa kuɗi a kamfani kaza, don an ce yana tashe.

To, amma "an ce" ba hujja ba ce a wurin da ake maganar gumin shekara da shekaru, ko gadon marayu, ko kuɗin da uwargida ta tara daga sayar da abinci. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙasar nan a farkon 2017 ba, sa'ad da gwamnati ta rufe asusun wasu kamfanoni da suka riƙa karɓar kuɗin jama'a da sunan noma, suna alkawarin ninka shi sau uku ko fiye cikin 'yan watanni. Dubban mutane suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Abin da ya haɗa waɗannan kamfanoni shi ne yawan alkawari da rashin tarihin lissafi wanda kowa zai iya dubawa. Cinikin biri a sama aka yi.

Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wa iyalai wata hanya mai sauƙi ta auna kamfani tun kafin a miƙa masa ko dala: a zana jadawali a kwamfuta, a jera ribar da kowane hannun jari ɗaya ya samu shekara bayan shekara, har tsawon shekara goma, a ga ko tana ƙaruwa, ko tana tsaye, ko tana raguwa.

Kasuwar da ke Plateau

Tsakanin Adjamé da Treichville, a unguwar Plateau, kan titin Joseph Anoma, nan ne hedkwatar kasuwar hannun jari ta yankinmu, wadda aka sani da BRVM. Ta fara aiki ranar 16 ga Satumba, 1998, bayan ta gaji tsohuwar kasuwar hannun jari ta Abidjan. Kasuwa ɗaya ce ga ƙasashe takwas masu amfani da sefa: Kwaddibuwa, Nijar, Mali, Burkina Faso, Senegal, Togo, Benin da Gine Bisau. Akwai kamfanoni sama da 45 a cikinta, kuma da yawansu mun san su a rayuwar yau da kullum: CIE mai wutar lantarki, SODECI mai ruwan famfo, Sonatel da Orange masu wayar tarho, Palmci mai man ja, SAPH da SOGB masu roba, Sucrivoire mai sukari, da sauransu.

Mutum ba ya shiga wannan kasuwa ya yi ciniki da kansa. Sai ya bi ta hannun dillalai masu lasisi da ake kira SGI, kuma akwai hukumar da ke sa ido a kan kasuwar da dillalanta, wadda a da ake kira CREPMF, tun 2022 kuma take amsa sunan AMF-UMOA. Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne, doka ta tilasta wa kowane kamfanin da ke cikin kasuwar ya buga lissafinsa na shekara bayan masu binciken kuɗi sun duba shi, ya kuma kira babban taron masu hannun jari cikin wata shida bayan rufe shekara. Ana samun waɗannan takardu kyauta a shafin BRVM na intanet, ana kuma iya neman su wurin dillali. Su ne kayan aikinmu.

Kada a ɗauka cewa shigar kamfani kasuwar ta isa tabbacin riba. Ma'aunin farashin kasuwar baki ɗaya ya yi ta faɗuwa shekara biyar a jere, daga 2016 zuwa 2020, kafin ya tashi da kusan kashi 39 cikin ɗari a 2021. Wanda ya saya don ya ji ana yayi, ya kuma sayar don ya ji ana kuka, ya yi asara sau biyu. Wanda ya san ribar kamfaninsa kuwa yana da abin da zai auna farashi da shi.

Ribar kamfani daban, rabonka daban

Jaridu sukan buga cewa kamfani kaza ya ci ribar miliyar kaza. Wannan adadi yana da daɗin ji, amma bai gaya wa mai hannun jari abin da ya shafe shi ba. Mu ɗauki misali daga kasuwarmu. A ce 'yan'uwa uku sun haɗa jari daidai wa daida sun buɗe shagon atamfa a Forum na Adjamé, a ƙarshen shekara suka sami ribar sefa 300,000. Rabon kowa 100,000 ke nan. Shekara ta zagayo, suka shigo da abokai biyu don a faɗaɗa shago, riba ta kai 400,000. Shago ya ci gaba, amma da aka raba gida biyar sai kowa ya tashi da 80,000. Ribar shago ta ƙaru, rabon kowane mutum ya ragu.

Haka abin yake a manyan kamfanoni. Mu ƙaddara wani kamfanin sabulu ya ci ribar miliyar 2 yana da hannayen jari miliyan 4. Idan aka raba, kowane hannu ya sami sefa 500. Bayan shekara biyar riba ta kai miliyar 3, amma a tsakani kamfanin ya sayar da sababbin hannaye har sun kai miliyan 7 da rabi. Yanzu rabon kowane hannu sefa 400 ne. Jarida za ta ce riba ta ƙaru da rabi, alhali wanda ya riƙe hannun jarinsa tun farko rabonsa ya ragu da kashi 20 cikin ɗari. Wannan adadi na biyu, wato ribar kowane hannu, wanda takardun Faransanci ke kira bénéfice par action, shi ne za mu bi sawunsa.

Yadda ake zana jadawalin

Ba a bukatar babbar na'ura. Kowace kwamfuta mai Excel ko LibreOffice Calc ta isa, haka ma Google Sheets a wayar hannu. Idan aka buɗe, za a ga fili mai gidaje kamar na dara. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, na kwance kuma suna da lambobi, 1, 2, 3. Kowane gida yana da suna daga haɗuwar biyun, kamar B2 ko D5. A gidan da babba bai saba da kwamfuta ba, ga aikin da ɗan makaranta zai yi wa iyayensa, shi yana bugawa, su suna duba ma'anar abin da ya fito.

A bar layin kwance na farko don rubuta sunayen layukan tsaye. A layin A, daga A2 zuwa A11, a jera shekaru goma, misali daga 2015 zuwa 2024. A layin B a rubuta tsantsar ribar kowace shekara bayan an cire haraji da duk wani kashe kuɗi, abin da takardu ke kira résultat net. A layin C a rubuta yawan hannayen jarin kamfanin a wannan shekara. A gidan D2 sai a buga =B2/C2, a ja shi ƙasa har D11. Layin D ya zama ribar kowane hannu ke nan. Ko da kamfanin ya buga nasa adadin, yana da kyau mutum ya yi nasa lissafin, ya gwama su.

A layin E ake auna ƙaruwa. Shekarar farko ba ta da wadda za a gwada ta da ita, don haka a fara daga E3, a buga =D3/D2-1, a ja shi ƙasa, a umurci na'urar ta nuna shi da alamar kashi cikin ɗari. A layin F a rubuta abin da kamfanin ya raba wa kowane hannu a zahiri, wato dividende, domin ba duk ribar ake rabawa ba, ana riƙe wani ɓangare don ci gaban aiki. A layin G a buga =F2/D2 don a ga kashi nawa na riba ake rabawa. Layin H kuwa na bayani ne, inda za a rubuta abin da ya faru a shekarar da kuma shafin da aka ɗauko adadin.

Daga ƙarshe, a wani gida a ƙasa, a buga =(D11/D2)^(1/9)-1. Wannan shi ke ba da matsakaicin ƙaruwa na kowace shekara daga farko zuwa ƙarshe. An sa 9 ne ba 10 ba, domin tsakanin shekaru goma taki tara ne. Idan ribar hannu ta tashi daga sefa 500 zuwa 1,000 a wannan tsawon lokaci, amsar za ta fito kimanin kashi 8 cikin ɗari a shekara. Kada a tara adadin layin E a raba, domin wannan yana yaudara. Abin da ya tashi daga 100 zuwa 150, sannan ya faɗo zuwa 75, ya ƙaru da kashi 50 ya kuma ragu da kashi 50. Mai tarawa ya raba zai ce ba riba ba asara, alhali kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi.

Abu uku ƙanana sukan ɓata aikin tun daga bugawa. Na farko, mu a baki da dala muke ƙirga, mu ce dala ashirin muna nufin sefa 100, to a jadawali sefa zalla ake rubutawa. Na biyu, a duba saman takardar kamfani, domin wata da dubbai ake rubuta ta, wata da miliyoyi. Na uku, kwamfutar da aka saita da Faransanci tana ɗaukar waƙafi a matsayin alamar ɓangare, idan aka buga 9,500 sai ta karanta tara da rabi. A buga lambobi a haɗe, ba waƙafi ba ɗigo.

Wuraren da lissafi ke ruɗar mutum

Wuri na farko shi ne rarraba hannun jari. Wani lokaci farashin hannu ɗaya yakan yi tsada har ya fi ƙarfin talaka, sai kamfani ya tsaga shi gida-gida. A 2012 Sonatel ta mayar da kowane hannu ɗaya goma, hannayenta suka tashi daga miliyan 10 zuwa miliyan 100. A 2017 ma kamfanoni da dama a BRVM sun yi irin wannan. Wanda bai sani ba zai ga ribar kowane hannu ta faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekara guda, ya ɗauka kamfani ya durƙushe, alhali canjin takardar jika goma aka yi zuwa jika ɗai-ɗai. Gyaran shi ne a koma shekarun baya a ninka yawan hannayensu da adadin da aka tsaga, domin duk shekarun su hau ma'auni ɗaya. Haka ake yi idan kamfani ya raba wa masu jari ƙarin hannaye kyauta.

Wuri na biyu ya shafi kamfanin da ke da rassa a wasu ƙasashe. Sonatel, alal misali, tana da rassa a Mali, Gine, Gine Bisau da Saliyo, kuma a cikinsu akwai wasu abokan tarayya masu nasu kaso. Jimillar ribar da rukunin ya bayyana ta 2023 ta haura miliyar 330. Wanda ya raba wannan da miliyan 100 zai sami kimanin sefa 3,300, amma ainihin rabon mai hannun jarin Sonatel bai kai haka ba, tun da sai an cire kason abokan tarayya. Adadin da za a sa a layin B shi ne wanda aka rubuta wa part du groupe.

Wuri na uku shi ne ribar da ba ta maimaituwa. Idan mai shago ya sayar da motarsa ya zuba kuɗin cikin cinikin wata, ba za a ce kasuwa ta buɗe masa ba. Kamfani ma yakan sayar da fili ko gini, ribar shekarar ta kumbura. A tsarin lissafin OHADA da ƙasashenmu ke bi, irin wannan shiga tana da nata gurbi mai suna HAO. A lura da ita, a rubuta a layin H. Haka kuma a tuna an sabunta tsarin lissafin daga 2018, kuma daga 2019 aka wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su fitar da lissafi bisa ƙa'idojin duniya da ake kira IFRS. Wani tsalle da za a gani a waɗannan shekaru yana iya kasancewa daga canjin ma'auni ne.

Wuri na huɗu shi ne shekarar asara. Idan adadin bara yana ƙasa da sifiri, kashi cikin ɗarin da na'ura za ta fitar ba shi da ma'ana. A goge shi, a rubuta "asara" kawai. Haka nan kada a fara ƙirga daga shekara mafi muni, domin duk abin da ya biyo bayanta zai zama kamar bunƙasa.

Abin da jadawalin ke faɗa

Idan aiki ya kammala, a sa na'urar ta zana hoton layin D. Siffa uku aka fi gani. Akwai mai hawa sannu a hankali kamar matakala. Akwai mai tafiya a miƙe, wanda ribarsa ba ta ƙaruwa. Irin wannan a zahiri baya yake ci, domin tsadar rayuwa ba ta tsayawa, a 2022 kaɗai hauhawar farashi a Kwaddibuwa ta haura kashi 5 cikin ɗari. Akwai kuma mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto, wanda aka fi gani a kamfanonin amfanin gona. Farashin roba a duniya ya kai ƙololuwa a 2011, sannan ya yi ta sauka shekaru a jere, ribar kamfanonin roba ta bi shi. Palmci ta yi asara a 2018, sannan ta ci riba mai yawa a 2021 da 2022 lokacin da man ja ya yi tsada a duniya. Duk wanda ya taɓa cinikin albasar Galmi ko goron Anyama ya san wannan hali: wanda ya auna sana'ar da shekarar tsada kaɗai zai sha mamaki. A irin waɗannan kamfanoni, matsakaicin ribar shekara goma ya fi adadin bara faɗin gaskiya.

Da layin D ne kuma ake gane tsada ko arha. A raba farashin yau da ribar kowane hannu. Idan ana sayar da hannu sefa 6,000 kuma ribarsa 500 ce, amsar 12 ce, ma'ana idan riba ta tsaya yadda take sai an shekara goma sha biyu kafin ta kai kuɗin da aka biya. Layin G kuma yana gargaɗi: kamfanin da ke raba abin da ya fi ribarsa shekara bayan shekara, rumbunsa yake ci, kuma rumbu yana ƙarewa.

Kamfanin da bai daɗe da shiga kasuwa ba, kamar Orange Côte d'Ivoire, ba za a sami takardunsa na shekara goma a can ba. Takardar bayanin da ake bugawa lokacin sayar da hannayen jari takan kawo lissafin 'yan shekarun baya, sai a fara da su, tare da sanin cewa gajeren tarihi gajeriyar shaida ce.

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma sanin gobe sai Allah. Jadawali labarin jiya yake bayarwa. Sabon haraji, sabon abokin hamayya, fari ko rikicin siyasa irin wanda ƙasar nan ta gani a 2010 da 2011, duk suna iya sauya lissafi. Amfaninsa shi ne ya tace alkawuran banza, ya kuma koya wa mutum tambayar da zai yi wa dillali.

Abin da gidan Musulmi zai ƙara

Mai hannun jari abokin tarayya ne a sana'ar kamfani, don haka tun kafin a buga lamba ta farko sai a tambaya: me kamfanin nan yake sayarwa? A BRVM akwai kamfanin giya, wato Solibra, akwai na taba, akwai kuma bankuna masu aiki da kuɗin ruwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta hannun jari a kamfanin da sana'arsa halal ce, ta haramta shi a wanda aka kafa don haram, ta kuma tsananta a kan wanda sana'arsa halal ce amma yana taɓa riba ta kuɗin ruwa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta yi sassauci a kan wannan kashi na uku bisa sharuɗɗa: kada bashin ruwa ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfanin a kasuwa, haka ma kuɗin da ya ajiye don samun ruwa, kuma kada abin da ke shigowa ta haramtacciyar hanya ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shiga, shi ma a fitar da shi sadaka. Duk waɗannan adadi suna cikin takardun da muka riga muka buɗe, ƙarin layuka ne kawai a jadawalin. Hukunci kuwa, da batun zakkar hannun jari, na malamai ne, kuma wanda ya je musu da lissafi a rubuce ya sauƙaƙa musu fatawa.

Shawararmu ga iyalai ita ce a zaɓi kamfani biyu ko uku waɗanda aka san sana'arsu, a cika musu jadawali, a zauna a duba shi tare da maigida da uwargida, tun da dukiyar ta gida ce. Kowace shekara, idan sabon lissafi ya fito, a ƙara layi ɗaya. Kada a sa kuɗin haya, ko na makarantar yara, ko jarin shago, ko amanar wani. Wanda kuma ya zo muku da kamfanin da ba shi da takardun da za a cika layin B da C da su, ku gode masa, ku riƙe kuɗinku.

Allah Ya sanya albarka a cikin nemanmu, Ya tsare mu daga haram da asara, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.